Idan MPV ya hau a takardar gwajin jini: abin da yake nufi da abin da ya kamata a yi

Duk wanda likita ya taɓa tura shi gwajin jini a Kumasi, ko Ankara, ko Tamale, ya san doguwar takardar nan da ake miƙo masa ta taga: haruffan Turanci uku-uku a jere, lambobi a gefensu, wasu kuma an manna musu harafin H ko L, ko ɗan tauraro. Sunan gwajin FBC, wato ƙidayar ƙwayoyin da ke cikin jini. Injin kan fitar da layi kusan ashirin, amma likitan da marasa lafiya suka cika masa ƙofa uku ko huɗu zai duba, ya ce babu matsala, ya rubuta magani. Sauran layukan sai mutum ya tafi gida da su. A can ne ɗaya daga cikinsu, wato MPV, yake hana mutane barci.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma kun san yadda zango yake: wanda ya yi boko shi ne mai karanta takardar kowa, daga ta kuɗin wuta har ta asibiti. A cikin takardun da ake kawo mini, ko ake turo mini ta WhatsApp, babu layin da na sha tambaya a kansa kamar wannan. Mutum ya ga H a gaban MPV, ya sa yaro ya bincika masa a waya, sai intanet ta jero masa ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, har da sankarar jini. Kafin azahar ya riga ya tsaya a kemis.

To, a gaskiya MPV shi kaɗai ba ya nuna cuta, kuma babu wani magani da ake sha don a sauke shi. Ana karanta shi ne tare da wata lamba da ke kusa da shi, da kuma halin da jikin mutum yake ciki. Yawanci babu abin tsoro. Wani lokaci kuwa alama ce ta abin da bai kamata a kwana da shi a gida ba. Bambance waɗannan biyun shi ne abin da ya kamata kowa ya iya.

Mene ne MPV?

Ƙwayoyi iri uku ne ke yawo a cikin jini. Akwai jajaye masu kai iskar da muke shaƙa ko'ina a jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, sannan akwai 'yan mitsi-mitsi masu tsayar da jini, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filetilet. Idan wuƙa ta yanke ka, su ne ke rugawa bakin ciwon su manne da juna su toshe ɓarakar, kafin jinin ya daskare a kansu. Wani likita ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882, sannan a 1906 wani Ba'amurke, James Homer Wright, ya nuna cewa ɓantare ne na wasu manyan ƙwayoyi da ke zaune a cikin ɓargo. Ba su da tsawon rai: kwana 7 zuwa 10 ne sai saifa da hanta su kwashe su, ɓargo ya sako wasu. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ma a saifa suke zaune a ajiye.

A takardar, layi biyu ne ke magana a kansu. PLT yana faɗin yawansu. Ga mai lafiya yakan kasance tsakanin 150 da 450, wasu ɗakunan gwajin kuma su tsaya a 400, kuma kowace lamba dubu take nufi: 150 na nufin ƙwaya 150,000 a cikin ɗan ɗigon jini da ake kira mikrolita. MPV kuwa yana faɗin matsakaicin girmansu. Ana auna shi da fL, wato femtolita, kuma yawancin injuna na ɗaukar kamar 7 zuwa 12 a matsayin daidai. Don a gane ƙanƙantarsu, jar ƙwayar jini guda tana kai 80 zuwa 100 a wannan ma'aunin.

Yadda nake bayyana wa ɗalibaina shi ne, PLT rajistar aji ce, tana gaya maka yara nawa suka zo yau. MPV kuma matsakaicin tsawonsu ne. Idan aka ce maka matsakaicin tsawon yaran wani aji ya ƙaru, ba ka san ko su hamsin ne ko su biyar ba, sai ka buɗe rajista.

Me ke sa girman nasu ya ƙaru? Sababbin da ɓargo ya sako galibi sun fi tsofaffi girma, kuma idan jiki yana cinye su da sauri, ɓargo na ƙara himma ya riƙa sako manya-manya don cike gurbi. Saboda haka, sau da yawa hawan MPV na nufin ɓargo yana aiki tuƙuru. Abin tambaya shi ne, me ya sa shi wannan aikin?

Wani lokaci matsalar a kwalba take

Kafin a zargi jiki, a fara duba kwalbar da aka zuba jinin. 'Yar kwalbar nan mai murfi ruwan shuni tana ɗauke da wani sinadari, EDTA, wanda ke hana jini daskarewa. Filetilet kan kumbura a cikinsa, musamman a cikin awa biyu na farko, don haka jinin da ya daɗe a ajiye kafin a sa shi a inji zai iya nuna MPV sama da na gaskiya. A wasu mutane ma sinadarin kan sa ƙwayoyin su dunƙule, sai injin ya ƙidaya kaɗan alhali suna nan da yawa. Maganin wannan shi ne a sake ɗiban jini a kwalba mai shuɗin murfi, ko a shafa shi a gilashi a duba da madubin likita. Haka kuma injuna sun bambanta. Lambar da wani ɗakin gwaji ya sa wa H, wani zai ce daidai take, shi ya sa ake kwatanta sakamako da ma'aunin da aka buga a jikin takardar, ba da na takardar maƙwabci ba.

Na ga wannan da idona. Wata dattijuwa a layinmu ta kawo mini takardarta, MPV 13.1, PLT 260, sauran layuka duk lafiya. Ta riga ta sayi asfirin da kwalbar maganin ƙarin jini.

"Tica, an ce jinina ya yi kauri, ko?"

"Hajiya, wa ya faɗa miki haka?"

"Yaron kemis ne. Ya ce in ban tsinka shi ba zai toshe mini zuciya."

Da na tambaye ta, ashe da sassafe aka ɗebi jinin a wani ƙaramin asibiti, sai bayan la'asar mai babur ya kai shi ɗakin gwaji. Na roƙe ta ta ajiye magungunan ta koma wurin likitanta. Aka sake gwajin a inda ake sa jini a inji nan take, MPV ya fito 10.4. Girman filetilet ba shi ne kaurin jini ba, kuma wanda ke sayar da magani ba shi ne zai fassara takarda ba.

A haɗa lambobin biyu

Idan MPV ya ɗan hau, PLT yana daidai, mutum kuma yana jin garau, yawanci likita ba zai yi komai ba, ko ya ce a sake gwaji bayan wani lokaci. Wasu haka Allah ya halicce su, ƙwayoyinsu sun ɗan fi na mutane girma, kuma haka za su tsufa lafiya.

Idan MPV ya hau, PLT kuma ya sauka ƙasa da 150, nan ne ake tsayawa a bincika, domin alama ce wani abu yana cinye ƙwayoyin. A ƙasarmu, na farko da ake tuhuma shi ne zazzaɓin cizon sauro. Maleriya na saukar da filetilet sosai, kuma da an kashe ƙwayar cutar sukan dawo da kansu cikin mako ɗaya ko biyu. Sai zazzaɓin dengi, wanda ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2023, ya kuma ɓulla a Yankin Gabas na Gana a 2024. Sai cutar da ta shiga jini ta game jiki. Akwai kuma wata lalura da likitoci ke kira ITP, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa lalata filetilet ɗin mutum. Takan kama yara bayan mura ko zazzaɓi, takan kuma kama mata matasa. Idan likita ya ga haka ya ce a gwada ciwon hanta ko ƙanjamau, kada a ji haushi, ba zargi yake yi ba: waɗannan cututtuka na iya saukar da filetilet, kuma ƙa'idar aikinsa ce ya duba. Wasu magunguna ma na jawo hakan, kamar kwinin da allurar hefarin.

Mai ciki kuwa sha'aninta daban ne. Filetilet kan ɗan ragu a ƙarshen ciki ba tare da wata illa ba. Amma idan raguwar ta zo tare da hawan jini, to ana tsoron lalurar nan da ke kai wa ga jijjiga, wadda ke iya tafiya da uwa da ɗa. Wannan na cikin dalilan da suka sa awon ciki ba abin wasa ba ne.

Idan MPV da PLT duk sun hau, sai a tambaya ko an taɓa cire wa mutum saifa, ko yana da sikila, domin saifar masu sikila kan daina aiki tun suna yara, sai ƙwayoyin da ya kamata ta ajiye su yi ta yawo a jini. Mu nan Kumasi wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1995 ake gwada jarirai a nan, kuma kusan biyu cikin ɗari na jariran da ake haifa a Gana suna zuwa da sikila. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, kuma lambar ta ƙi sauka a gwaji bayan gwaji, likita zai tura mutum wurin ƙwararren likitan jini don a duba ko ɓargon ne ke sarrafa ƙwayoyi fiye da kima. Wannan ciwon yana nan, amma ba kasafai ake samunsa ba, kuma an fi ganinsa ga manya.

Akwai kuma na gado. Wasu iyalai ana haihuwarsu da manyan filetilet amma kaɗan. Mafi shahara shi ne wanda likitocin Faransa biyu, Bernard da Soulier, suka bayyana a 1948. Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin miliyan ne ke da shi, kuma sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, don haka an fi samunsa a gidajen da ake yawan auren zumunci. Alamarsa tun yarinta take fitowa: yawan haɓo, jinin dasashi, ko jinin kaciya da ya ƙi tsayawa.

To maganar ciwon zuciya fa?

Abin da intanet ke faɗa yana da tushe, sai dai an yanke masa kai da ƙafa. Masu bincike sun lura cewa idan aka tara mutane da yawa masu ciwon suga, ko hawan jini, ko ƙiba, ko masu shan taba, ko waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya, matsakaicin MPV ɗinsu kan ɗara na masu lafiya kaɗan. An ga haka ma ga waɗanda ƙwayar maƙogwaronsu, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, take aiki fiye da kima. Manyan filetilet sun fi saurin mannewa, don haka maganar ba ta rasa ma'ana ba.

Amma wannan lissafin taro ne. Bambancin ɗan kaɗan ne, kuma dubban masu lafiya suna da lamba iri ɗaya da ta marasa lafiyar. Babu likitan da ke gano ciwon zuciya ko suga da MPV. Wanda ke tsoron zuciyarsa, abin da zai auna shi ne hawan jini, da suga, da kitsen jini, da nauyinsa. Idan H ɗin nan ya sa mutumin da ya haura arba'in ya je ya auna waɗannan, to ya yi amfani. Idan kuwa ya sa shi ya fara haɗiyar ƙwayoyi da kansa, ya cuce shi.

Magani: ana bin sanadi ne

Tunda MPV alama ce, abin da ya jawo shi ake yi wa magani. Idan maleriya ce, a tabbatar da gwaji, a sha maganin da aka rubuta har kwana ukun su cika, ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Idan dengi ne, ruwa da hutu da farasitamol, tare da sa idon ma'aikatan lafiya. Idan ITP ne, yara da yawa kan warke da kansu cikin 'yan watanni. Manya kuma ana fara ba su magani ne idan suna zubar da jini ko PLT ya faɗi ƙasa da kamar 30, galibi da firedinisolon, kuma likita ne ke tsara yadda za a sha da yadda za a rage shi a hankali. Idan wani magani ne ya jawo, likita zai canza shi. Mai suga ko hawan jini ya riƙe maganinsa, ya rage gishiri da zaƙi, ya riƙa tafiyar ƙafa. Mai shan taba ya bari.

Abin da ya fi damuna shi ne asfirin. Ƙwaya ɗaya tana kashe ƙarfin filetilet har ƙarshen rayuwarsu, wato kusan mako guda. Ga wanda nasa suka riga suka yi kaɗan, wannan ƙara wa Barno dawaki ne ta mummunar fuska: 'yan kaɗan ɗin da suka rage ma an ɗaure musu hannu, jini na iya ɓallewa a ciki ko a kai. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saya kamar alewa don ciwon jiki, su ma suna da irin wannan haɗarin. Yaro ƙasa da shekara 16 kuwa ba a ba shi asfirin sam sai da umarnin likita. Amma a kula: wanda likita ya ɗora shi a kan asfirin saboda zuciya, ko mai cikin da aka rubuta mata ƙaramin asfirin a wurin awo, kada su daina don sun karanta wannan. Su koma ga wanda ya rubuta musu.

Wani ɗalibina ya taɓa kwana uku bai zo makaranta ba. Da na bi sawu, na tarar an yi masa gwaji, MPV da H, PLT 62. Mahaifinsa ya ga Hb ɗin yaron, wato ma'aunin yawan jini, yana daidai, sai ya ce ai jininsa bai ragu ba, ya ci gaba da ba shi maganin ciwon jiki na kemis. Na ce masa, "Alhaji, don Allah mu tafi asibiti yanzu, kada mu jira gobe." Maleriya ce ta kama shi sosai. An kwantar da shi, kuma bayan mako biyu PLT ya koma 210. A takardar Hajiya H ɗin ne ya tsorata ta alhali babu komai. A ta yaron nan, lambar da ke da haɗari tana nan ɓaro-ɓaro ba wanda ya kalle ta.

Maganin ƙarin jini na kwalba, da zoɓo, da zogale, da ganyen kontomire, abinci ne mai kyau ko taimako ga mai ƙarancin jan jini, amma ba sa rage girman filetilet, ba kuma sa tsayar da abin da ke cinye su. Duk wanda ke shan jiƙe-jiƙe ya gaya wa likita, ba abin kunya ba ne.

Sai maganar wanzami. Mutanenmu na yin ƙaho, kuma da yawa suna zuwa ne da tunanin a cire musu "mataccen jini". Wanda PLT ɗinsa ya yi ƙasa, ko yake shan maganin tsinka jini, kada ya yi ƙaho ko tsaga sai likita ya ce ƙwayoyin sun dawo. Haka idan a dangi an taɓa samun wanda jininsa ya ƙi tsayawa, a faɗa kafin a yi wa jariri kaciya, a kai shi asibiti a gwada tukuna. Cire haƙori ma haka.

Alamomin da ba a jira da su

Haɓo a lokacin hunturu abu ne da aka saba, bushewar hanci ce ke kawo shi. Amma haɓon da aka matse hanci minti 15 bai tsaya ba, a tafi asibiti. Haka jinin dasashi ba tare da an taɓa shi ba, jini a fitsari, baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ko jinin al'ada da ya wuce yadda mace ta saba nesa ba kusa ba. Akwai kuma 'yan ɗige-ɗige ja ko baƙi da ke fitowa a ƙafafu. A fatarmu ba su cika bayyana ba, don haka a duba cikin baki da cikin fatar ido ta ƙasa. Zazzaɓi tare da ɗaya daga cikin waɗannan, ko matsanancin ciwon kai da ruɗewa, na gaggawa ne. Mai ciki da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuskarta ta kumbura, ko take jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ta jira ranar awo, kada kuma a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa.

Idan an shiga wurin likita da takardar, tambayoyi huɗu sun isa. PLT ɗina nawa ne, kuma daidai yake? Akwai buƙatar a sake gwajin, ko a duba jinin da madubi? Me kake zaton ya jawo? Wane magani zan guje wa kafin a gane? A tafi da tsofaffin takardun gwaji, domin lambar bara kan fassara ta bana. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha. Wanda Turanci ko Tuwi ke ba shi wahala ya tafi da wanda zai fassara masa, kuma ya nace sai ya gane. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai likitocin jini a manyan asibitocin koyarwa, irin su Komfo Anokye da muke kira Gee, da Korle Bu a Ankara. A kuma duba katin inshorar lafiya tun kafin ciwo ya zo, tunda yanzu ana sabunta shi ta waya da *929#.

Mu da ake kawo wa takardu a unguwa, malamai da ɗalibai da duk mai waya a hannu, akwai amana a kanmu. Mu nuna wa mutum layin PLT, mu tambaye shi ko yana zazzaɓi ko yana ganin jini, mu hana shi sayen asfirin, sannan mu mai da shi wurin wanda ya tura shi gwajin. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.